Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamishinan Ilimi Mai Zurfi na Jihar Kano kan Shirin Malaman Jami'a na Koyarwa Daga Nesa

Zuwa ga Mai Girma Kwamishina,
Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi,
Jihar Kano.



Wannan wasiƙa ta fito ne daga Gude, a Ƙaramar Hukumar Kabo, kuma manufarta ita ce jawo hankalin Mai Girma Kwamishina zuwa ga wani lamari da ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da aka garƙame ƙofofin makarantu, wato ko malaman jami'o'i da na sauran manyan makarantun jihar nan suna da shirin ci gaba da koyarwa daga nesa idan wata larura ta sa aka sallami ɗalibai ba zato ba tsammani. An rubuta ta a fili ne domin al'amarin ya shafi dubban gidaje, kuma domin amsar da ake bayarwa daga cikin ofis a birnin Kano ta sha bamban da wadda za a ji daga ƙauyukan yammacin jihar, inda ɗaliban da aka sallama suke komawa.

Rufe manyan makarantu cikin gaggawa ya daina zama baƙon abu a ƙasar nan, kuma yankin Gwarzo da Kabo ya ɗanɗana shi fiye da sau ɗaya. Bayan da aka tabbatar da ɓullar cutar korona a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ba da umarnin rufe jami'o'i na tsawon wata guda daga 23 ga Maris, sai dai yawancin jami'o'in gwamnati ba su sake ganin ɗalibansu ba sai a farkon 2021. Ɗaliban ba su gama zama ba aka sace 'yan matan makarantar Jangebe a Jihar Zamfara ranar 26 ga Fabrairun 2021, lamarin da ya sa gwamnatin Kano ta rufe wasu makarantun kwana, sannan wannan Ma'aikata da kanta, a zamanin Kwamishina Dakta Mariya Mahmoud Bunkure, ta sanar da rufe manyan makarantu huɗu da ke wajen birni: Makarantar Nazarin Muhalli ta Gwarzo, da kwalejin share fagen shiga jami'a ta Tudun Wada, da makarantar fasahar karkara ta Rano, da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta. A 2023 kuma an rufe jami'o'in ƙasar baki ɗaya daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris saboda zaɓe. Duk wanda ya san cewa Gwarzo tana iyaka da Jihar Katsina, kuma ya ji labarin hare-haren da suka taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a ƙarshen 2025, ba zai ɗauka an yi rufewa ta ƙarshe ba.

Abin da ya faru a 2020 ya cancanci a tsaya a kansa, domin daga gare shi ne wata gurguwar fahimta ta samo asali. A farkon Afrilun waccan shekarar Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya gana da shugabannin jami'o'i da na kwalejoji ta na'ura, ya umarce su da su koma karatu ta intanet. Umarnin ya tarar da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU tana cikin yajin aikin sai-baba-ta-gani, wanda ta shiga a ranar da aka rufe jami'o'in, saboda taƙaddamar tsarin biyan albashi na IPPIS da yarjejeniyarta da gwamnatin tarayya ta 2009, kuma ba ta janye shi ba sai 23 ga Disamba. Jami'o'i masu zaman kansu, irin su Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola da Jami'ar Covenant da ke Ota, sun ci gaba da karatu ta intanet, yayin da Jami'ar Bayero, wadda sabon matsuguninta ke kan hanyar Gwarzo, ta ƙare da soke shekarar karatu ta 2019/2020 ɗungurungum. A lokacin birnin Kano yana cikin kullen korona tun tsakiyar Afrilu, kuma a makonnin da mace-mace suka yawaita an rasa manyan malamai, cikinsu har da Farfesa Ibrahim Ayagi da Farfesa Balarabe Maikaba, Allah ya jiƙansu da rahama. Sakamakon duk wannan shi ne, a shekarar da malaman jami'a a yawancin ƙasashen duniya suka koyi koyarwa daga nesa ala tilas, suna yi suna tuntuɓe suna gyarawa, malamin jami'ar gwamnati a Kano ko damar yin tuntuɓen bai samu ba. Don haka masu cewa an gwada a nan ya gagara ba su da hujja, haka ma masu cewa korona ta riga ta koya wa kowa, tunda ba a yi gwajin a lokacin da sauran duniya ke yi ba, kuma abin da ba a gwada ba zato kawai ake yi a kansa.

Ya kamata a ware yajin aiki daga wannan lissafi tun da wuri. Wata takwas da aka yi a gida a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, rikici ne tsakanin ma'aikaci da mai ba shi aiki, kuma babu manhajar da za ta warware shi. Idan malamai suka ji ƙanshin cewa laccocin da aka nemi su naɗa za a juya su wata rana a karya musu yajin aiki da su, to ba za su naɗa ba, kuma ba za a ga laifinsu ba. Duk shirin da Ma'aikata za ta yi yana buƙatar a zauna da ƙungiyoyinsu a rubuta wannan sharaɗi ƙarara, tare da bayanin wanda ke da haƙƙin mallakar abin da aka naɗa.

Masana harkar ilimi sun bambanta abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. A wata maƙala da Charles Hodges da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a ƙarshen Maris na 2020, sun ware karatun intanet da aka tsara, wato kwas ɗin da aka gina tun daga tushe domin ɗalibin da ba ya gaban malami, wanda shirya shi kan ci wata shida zuwa tara, daga koyarwar gaggawa daga nesa, wato dabarar wucin gadi da ake riƙe zangon karatu da ita har ƙura ta lafa a koma aji. Na farkon aikin Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa ne da cibiyoyi irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, na biyun kuwa shi ne abin da ake nema daga kowane malami a jami'ar da ke Wudil da Jami'ar Northwest da makarantun Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, kuma nauyinsa bai kai na farkon ba muddin an yi tanadinsa kafin ranar. Akwai kuma bambanci na biyu da ya fi shafar ƙauye. Koyarwar kai-tsaye ita ce wadda malami da ɗalibai suke haɗuwa a lokaci guda ta manhaja irin Zoom ko Google Meet, ita kuwa koyarwar ajiya ita ce wadda malami yake ajiye darasi, rubutacce ko na murya, ɗalibi ya ɗauka a lokacin da ya samu hali, ko dai ta dandalin tafiyar da darussa irin Moodle, wanda kyauta ne kuma ana amfani da shi tun 2002, ko ma ta WhatsApp da Telegram.

A mafi yawan lokuta idan aka ce za a shirya malamai, abin da ake nufi shi ne taron bita na kwana biyu ko uku a wani zaure mai sanyi, a haska majigi, a nuna yadda ake buɗe Zoom da yadda ake kashe makirufon ɗalibai, a raba takardar shaida da alawus, kowa ya kama gabansa. Sanin inda ake dannawa shi ne mafi ƙanƙantar ɓangaren shirin, kuma matashin malami kan koye shi a yini guda, dattijon farfesa ma a mako guda idan aka haɗa shi da mai haƙuri. Wahalar tana cikin salon koyarwar kanta. Malamin da ya shekara ashirin yana tsayawa gaban ɗaruruwan ɗalibai yana karanta musu suna rubutawa tamkar shifta, yana gane wanda bai fahimta ba daga yanayin fuska, yana cike giɓin takardunsa da bayanin baka da misalan da suka faɗo masa nan take, ba shi da wani kwas da za a iya ɗauka a aika, domin rabin kwas ɗin a kansa yake. Ranar da aka raba shi da ajin, abin da ya rage shi ne tsofaffin takardun da aka buga aka sake bugawa har wasu layukan suka dushe, waɗanda idan aka ɗauki hotonsu aka tura wa shugaban aji an sauke nauyi a ido, amma ba a koyar da kowa ba. Shirin gaske shi ne malami ya zauna a lokacin zaman lafiya ya yanka kwas ɗinsa mako-mako, ya rubuta abin da ake so ɗalibi ya iya a ƙarshen kowane mako, ya naɗi bayani na minti goma sha biyar ko ashirin a kan kowace gaɓa mai wuya, ya tanadi aikin da za a yi a dawo masa da shi, sannan ya ware lokacin amsa tambayoyi. Wannan aiki ne na watanni, kuma Bahaushe ya riga ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ma'aunin da wannan wasiƙa take roƙon Ma'aikata ta ɗauka shi ne a auna shirin malami daga wurin da ɗalibi yake zaune. Ɗalibin da ya dawo Gude ko Garo ko Getso ko Kutama, idan yana da babbar waya, yawanci tsohuwa ce mai ƙaramin rumbu da batirin da ya gaji, kuma rabin yininta a shagon mai caji take, inda ake jera wayoyi a kan katako, kowace da lambarta a manne, janareto yana ruri a bayan shago, a karɓi kuɗi a ba shi ɗan kati ya dawo da yamma. Sabis yana zuwa yana ɗaukewa, kuma a kowace unguwa an san kusurwar da ake tsayawa idan ana son saƙo ya tafi. Idan damina ce, safiyarsa ta gona ce, domin babu uban da zai bar ƙato a ɗaki yana kallon waya ana noman fari. Ɗaliba kuwa, musamman matar aure, tana dawowa ne ta tarar da girki da reno suna jiranta, wani lokaci wayar ma ta haɗin gwiwa ce da wani a gidan. Laccar bidiyo ta kai-tsaye ta awa guda tana iya cinye rabin gigabayit na data ko fiye, ga shi a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100, alhali bayanin murya na minti ashirin bai wuce megabayit kaɗan ba, kuma ana iya sauke shi da tsakar dare a saurara sau uku. Malamin da ya sa lacca ƙarfe goma na safe a Zoom, ya ɗauki sunan waɗanda suka halarta ya ba su maki, ya koyar da 'ya'yan Nasarawa da Tarauni na cikin birnin Kano ne, ya kayar da ɗan Gude ba tare da ya yi nufin haka ba, kuma a takardar rahoto za a rubuta cewa karatu ya gudana.

Akwai wata hanya da ta riga ta kafu a kowane gari na wannan yanki, wadda masu tsara manufofi ba su cika lura da ita ba. Masu tura fina-finai, waɗanda ke zaune da kwamfuta a bakin kasuwa ko tasha suna zuba wa mutane fina-finan Hausa da fassarar Indiya da karatun malamai a memori, sun daɗe da warware matsalar isar da manyan fayiloli ga wanda ba shi da data, haka nan ɗalibai da kansu suna tura wa juna abubuwa daga waya zuwa waya ta Xender ba tare da intanet ba. Idan darussan mako guda na sashe guda suna cikin jaka ɗaya mai sauƙin nauyi, mutum ɗaya da ya sauke ta a Gwarzo ya ishi ɗaliban gundumomi da yawa. Sai dai hakan ba zai yiwu ba sai an horar da malamai su shirya darasin da zai tsaya da ƙafarsa ko babu su, abin da ya sake mayar da magana kan salon koyarwa.

Wani dalili kuma na fifita koyarwar ajiya shi ne, larurar da ke rufe makaranta takan zo da abin da ke kashe intanet ɗin ma. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka faɗaɗa zuwa wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka shafe makonni babu kira balle data. A Oktoban 2024 kuma yawancin jihohin Arewa, har da Kano, sun yi kwanaki masu yawa babu wutar lantarki bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo ta. Shirin da ya dogara kacokan a kan sabis da wuta zai faɗi daidai lokacin da aka fi buƙatarsa, don haka dole takarda da rediyo su kasance a ciki. Arewa ba baƙuwar wannan ba ce, domin Cibiyar Malamai ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1976 ta horar da ɗimbin malaman firamare daga nesa da littattafan darasi da haɗuwar ƙarshen mako, tun kafin a san intanet a nan, kuma a lokacin kullen 2020 an yi wa 'yan firamare da sakandare darussa ta rediyo da talabijin a Kano. A Afirka ta Kudu, a wannan shekarar, kamfanonin sadarwa sun cire cajin data a kan shafukan karatu na jami'o'i, jami'o'i irin su ta Cape Town suka ba ɗalibai aron kwamfuta, waɗanda ba su da intanet kuma aka aika musu da bugaggun takardu da darussa a kan filashi har gida. Cire cajin data a kan shafin jami'a yarjejeniya ce da gwamnatin jiha za ta iya nema daga kamfanoni tun yanzu, a ajiye ta sai ranar buƙata.

Batun kuɗi da haƙƙin malami ba ya gujuwa. Malamin da ake so ya koyar daga gida shi ma yana sayen data, yana sayen man janareto a farashin bayan cire tallafi na 2023, kuma sau da yawa kwamfutar da yake aiki da ita daga albashinsa ta fito. Fiye da haka, ƙa'idojin ƙarin girma a jami'o'i sun fi karkata ga maƙalun bincike da aka wallafa, ta yadda wanda ya kashe wata uku yana gina kwas mai kyau ya yi asara idan aka gwada shi da abokin aikinsa da ya kashe watannin yana rubuta maƙala. Muddin ba a sa wa wannan aiki maki a takardar ƙarin girma ba, kuma ba a rage wa mai yin sa nauyin wasu ayyukan ba, to 'yan kaɗan masu sha'awa ne za su yi, sauran su jira takardar umarni su cika ta da abin da ya sauwaƙa. Jihar da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yunin 2024, kuma ta tura ɗaruruwan matasa karatun digiri na biyu a Indiya da Uganda, ba ta rasa mutanen da za a ajiye ɗaya ko biyu a kowace tsangaya su riƙa zama da malamai suna taya su wannan aiki ba.

Akwai abin da koyarwa daga nesa ba za ta iya ba, kuma gara a faɗe shi tun yanzu. Ɗalibin safiyo ko zanen gine-gine a Gwarzo, da ɗalibin aikin gona a Dambatta, da na injiniya a Wudil, ba za su koyi riƙon kayan aiki ta waya ba. Abin da sashe zai iya shi ne ya tsara tun farko waɗanne darussa ne za a gabatar idan an rufe, waɗanne za a jinkirta a yi su a dunƙule idan an dawo. Haka ma babbar jarrabawa, wadda yin ta daga gida a halin da ake ciki zai buɗe ƙofar satar amsa kuma ya zalunci wanda sabis ya yanke wa. Ya fi dacewa a bar ta sai an koma, a riƙa tara makin ayyukan mako-mako a tsakani, bisa ƙa'idar da majalisar harkokin karatu ta kowace jami'a ta amince da ita kafin larurar ta zo, don kada sakamakon ya zama abin jayayya daga baya.

Mai wasiƙar yana sane da cewa jami'o'i suna da 'yancin tafiyar da karatunsu, cewa Jami'ar Bayero ta gwamnatin tarayya ce, kuma Kwamishina ba ya shiga aji ya ce ga yadda za a koyar. Amma kasafin kuɗi da manufa suna bi ta teburinsa, kuma sanarwar rufewa ta 2021 daga Ma'aikatarsa ta fito, don haka ya dace Ma'aikatar da ke da ikon cewa a tafi gida ta kasance tana da amsar abin da za a yi a gidan. Abin da ake roƙo na farko shi ne ƙidaya ta gaskiya, sashe-sashe, wadda ba za ta tsaya a tambayar malami ko ya shirya ba, tunda kowa zai ce ya shirya. A nemi kowane malami ya nuna darussan mako huɗu na kwas ɗaya da za a iya aikawa gobe, a kuma tambayi ɗalibai a lokacin rajista garin da za su koma da irin wayar da ke hannunsu. Na biyu shi ne atisaye: a ware mako guda a kowane zangon karatu a yi shi daga nesa alhali makaranta tana buɗe, a tura wasu ma'aikata ƙananan hukumomi irin Kabo da Gwarzo da Karaye da Rogo su gwada sauke darussan da waya mai araha, abin da ya ƙi sauka a mayar wa sashen ya gyara.

Abu na ƙarshe ya shafi wurin zama. Gwamnatin tarayya ta amince da kafa kwalejin kimiyya da fasaha a Kabo a 2022, wadda daga baya aka kai maganar ɗaga ta zuwa jami'a gaban majalisar dattawa, ga kuma makarantar Gwarzo da manyan sakandaren yankin. Idan larurar da ta sa aka rufe ba ta hana taruwar mutane kaɗan da rana ba, ɗaki guda mai sola da kwamfutoci da na'urar buga takardu a hedikwatar kowace ƙaramar hukuma zai wadatar da ɗalibin kowace jami'a, ta jiha ko ta tarayya, ya zo sau ɗaya a mako ya ɗauki darasi ya miƙa aikinsa. Wannan yana buƙatar yarjejeniya tsakanin Ma'aikata da ƙananan hukumomi da makarantun tarayya, da kuma layi na musamman a kasafin kuɗin shekara mai zuwa, wanda ake roƙon Mai Girma Kwamishina ya sa a shigar kafin a kai kasafin gaban majalisar dokokin jiha.



Daga wani mai bibiyar harkokin ilimi,
Gude, Ƙaramar Hukumar Kabo, Jihar Kano.